Kwanan dajin 'yan sikawut a hunturu: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk shekara idan watan Disamba ya raba tsakiya, iska ta juyo daga arewa, hazo ya lulluɓe sararin Lome, makarantu kuma suka shiga hutun ƙarshen shekara, akwai wata muhawara da ke tasowa a gidaje da majalisun Zangon Agoè, har takan iso mana gidan rediyo ta bakin masu bugo waya. Muhawarar kuwa ita ce, shin a bar yara 'yan sikawut su tafi kwanan daji a cikin wannan ɗari, ko kuwa a hana su? Iyaye sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda da zarar yaro ya kawo takardar neman izini sai su ce atafau babu inda za shi, wai me ya yi zafi da za a bar ɗaki da katifa a je a kwana a tsakiyar ciyawa. Akwai kuma waɗanda ko karanta takardar ba sa yi, sai su sa hannu, su miƙa wa yaro jaka biyu ko uku na sefa, su ce Allah Ya kiyaye hanya, shi ke nan sun sauke nauyi.

Mu dai a namu ganin dukkan ɓangarorin biyu akwai gyara a lamarinsu. A bar yara su tafi, domin akwai tarbiyyar da ba a samunta a tsakar gida. Amma kada uba ko uwa su saki ɗansu sai sun san inda za a kai shi, da wanda zai jagorance shi, da abin da zai shimfiɗa da wanda zai rufa da shi idan dare ya tsala.

Bari mu fara da masu cewa kwanan daji ba al'adarmu ba ce. Jama'a, mene ne ma'anar sunan unguwar da muke ciki? Zango ai shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, da rani suke kama hanya bayan an janye ruwa, wato hunturu a hanya yake riskarsu. Sukan yi watanni suna tafe da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ratso ta Sansanin Mango da ke arewacin ƙasar nan kafin su isa Salaga. A cikin ayarin nan akwai samari 'yan shekara goma sha, kuma a can suke koyon ɗaurin kaya da hura wuta da gadin dare da haƙuri da yunwa. Ko ita wannan unguwa tamu, idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 1977 ne hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birnin Lome, iyayenmu suka dawo nan Agoè lokacin wurin yana kusan daji, suka kafa gari daga tushe. Ashe kuwa jikan mai zango bai kamata ya ji tsoron tanti ba.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, fataken nan ba da ka suke tafiya ba. Kowane ayari yana da madugu wanda ya san hanya ciki da bai, ya san rijiyoyi da mashigin koguna, kuma shi ke yanke shawarar a tashi ko a ƙara kwana. Yana da jagaba mai shiga gaba ya dubo hanya da masauki. Babu uban da ke danƙa ɗansa ga madugun da bai sani ba. Wannan rabin na gadon shi ne masu sa hannu ido rufe suka yar.

Ita kanta ƙungiyar sikawut ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Wanda ya ƙirƙiro ta, Baden-Powell, sojan mulkin mallaka ne na Ingila, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896, nan maƙwabtanmu. A watan Agustan 1907 ya kwashi yara kimanin 20 ya kai su kwanan daji a tsibirin Brownsea, daga nan abin ya bazu a duniya. A Togo an fara harkar tun 1920, ƙungiyar ƙasa kuma ta shiga babbar ƙungiyar duniya a 1977. Masu ɗari-ɗari da ita saboda zaton harkar coci ce kawai, su sani cewa ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indunusiya, wadda kuma ita ce ke da ɗimbin Musulmi fiye da miliyan 200. Taken ƙungiyar a ko'ina shi ne mutum ya kasance cikin shiri a koyaushe. To, a kan wannan take nasu za mu riƙe su.

Wani zai ce, wane irin sanyi ne a Togo har da ake wannan dogon bayani, sai ka ce Rasha? Gaskiya ne ba mu da dusar ƙanƙara. A nan Lome da ke bakin teku, ba kasafai dare kan sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin zafi ba, ko da a tsakiyar hunturu ne. To amma a nan gizo ke saƙar. Yaron da aka haifa a Agoè ya tashi cikin gumi, jikinsa bai san ɗari ba, da yawa ma ba su mallaki rigar sanyi ko guda ba. Kwanan daji kuwa ba a Lome ake yinsa ba. Wuraren da suka dace da shi su ne tuddan Kpalime da Kloto da Danyi, ko gindin Dutsen Agu, ko can wajen Sokode da Bafilo da Kara. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi kuwa Dutsen Agu, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 986 ne. A arewa kuma asubar Disamba da Janairu takan sauko har kusan digiri 15, ga busasshiyar iska mai ratsa riga. Wanda ya taɓa yin hunturu a Kano, inda asuba kan kai digiri 13 ko ƙasa da haka, ya san abin da ake kira muku-muku. Ka ɗauki yaro ɗan shekara 13 da ya wuni yana tafiya a rana, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, bai ci abin kirki ba, ka kwantar da shi a kan tabarma ɗaya tal a bisa ƙasa mai raɓa, ka ga ko digiri 15 wasa ne.

Domin mu fahimci yadda sanyi ke kayar da mutum ba tare da ƙanƙara ba, ya kamata mu waiwayi abin da ya faru da 'yan sikawut a Ingila a watan Maris na 1964. An shirya gasar tafiyar ƙasa ta fiye da kilomita 60 a tuddan yankin Derbyshire, wadda ake kira Four Inns, matasa sama da 200 suka shiga. A lokacin da suke tafiyar ma'aunin zafi bai sauka sifili ba, ruwan sama ne kawai da iska mai ƙarfi. Amma duk da haka samari uku, masu shekaru 19 da 21 da 24, suka rasa rayukansu. Wani likita masanin aikin jiki mai suna Griffith Pugh, wanda ya yi aiki da tawagar da ta fara hawa Dutsen Everest a 1953, shi ya bi diddigin lamarin. Abin da ya gano shi ne, tufafi idan suka jiƙe kuma iska na kaɗawa, kusan duk ɗumin da suke riƙewa ya tafi, sannan mutum idan ya gaji ya rage sauri, jikinsa ba ya iya samar da zafin da zai maye wanda ke fita. Wato jiƙa da iska da gajiya su suka haɗu suka yi kisan. Waɗannan fa ƙarti ne majiya ƙarfi da suka tashi cikin sanyi, ina ga namu 'yan ƙanana?

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari. Alamun farko su ne karkarwa da haɗuwar haƙora, sai yaro ya fara tuntuɓe, hannunsa ya kasa ɗaure igiyar takalmi, maganarsa ta riƙa sarƙewa kamar mai maye, ya zama shiru-shiru ko ya riƙa faɗa babu dalili. Idan karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, to abin ya ƙara muni ne, kada a ce ya samu sauƙi. Abin yi shi ne a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe ƙirjinsa da kansa, a ba shi shayi ko koko mai ɗumi da sukari idan yana cikin hayyacinsa, a kuma nemi asibiti. Ba a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, ba a kuma kara shi da harshen wuta. Duk shugaban sikawut da ba zai iya zayyana wannan da ka ba, bai isa a ba shi 'ya'yan mutane ba.

Amma mu faɗi gaskiya, a ƙasarmu sanyi shi kaɗai da wuya ya yi kisa. 'Yan rakiyarsa su ne abin tsoro, kuma babbansu shi ne gawayi. Yaran da ɗari ya dama cikin dare, abu na farko da zai zo musu a rai shi ne su jawo kurfoti ko kaskon wuta cikin tanti su toshe ƙofa, kamar yadda suka ga ana yi a wasu gidaje. Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci ya kwashe shi, daga nan sai dai labari. Ko garwashin ya yi kamar ya mutu, yana nan yana aikinsa. Saboda haka dokar farko a kowane sansani ita ce, wuta a waje take kwana, nesa da tanti, kuma a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin mai gadi na ƙarshe ya kwanta. Ciyawar hunturu kamar fetur take, mu kuwa mutanen Agoè da muka ga yadda kasuwar Assiyeye ta ƙone a Disambar 2023, ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da wuta ke yi a wannan lokaci na shekara.

Na biyu shi ne larurar da yaro ya taho da ita daga gida. Mai ciwon sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya suna cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma duk ukun suna jiransa a kwanan dajin hunturu. Mai asma kuma ƙurar hazo da hayaƙin itace sun ishe shi. Abin takaici shi ne yadda wasu iyaye ke ɓoye irin wannan larura, don kada a ce ɗansu ba shi da lafiya, ko don kada maganar ta bi 'yarsu har lokacin aure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaban da bai san yaro na da sikila ba, idan ciwo ya tashi da ƙarfe biyun dare a bayan Danyi, zai ɗauka raki ne kawai. A gaya wa shugaba a asirce, a haɗa yaro da maganinsa, idan kuma likita ya ce kada ya je, to a haƙura. Haka nan kada a manta arewacin Togo na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da rani, kamar yadda aka gani a jihar Kara a 2016, don haka a duba katin rigakafin yaro kafin a tura shi can ya kwana cikin cunkoso.

Wannan ya kawo mu kan madugu, wato shugaban tafiya, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan maganar baki ɗaya. A watan Nuwamban 1971, a tuddan Cairngorm na ƙasar Sukotlan, ɗalibai biyar 'yan shekara 15 tare da wata mataimakiya 'yar shekara 18 sun mutu cikin guguwar ƙanƙara a wata fitar makaranta. Wadda aka danƙa wa ragamar rukunin nasu ba ta wuce shekara 21 ba, kuma an ci gaba da tafiya a lokacin da yanayi ya riga ya nuna alamun a juya. A ɗaya gefen kuma, a babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a Agustan 2023, inda mutum fiye da 40,000 suka hallara, tsananin zafi da ƙarancin shiri sun kwantar da ɗaruruwan yara. Shugabannin tawagar Birtaniya da na Amurka suka kwashe nasu yaran daga sansanin tun kafin a tashi kowa saboda guguwa. Sun yi asarar kuɗi, an yi ta surutu, amma sun koma gida da 'ya'yan mutane. Ko zafi ne ko sanyi, darasin ɗaya ne: shugaba nagari shi ne wanda ba ya jin kunyar cewa a naɗe tanti a koma.

Mun san halinmu. Akwai wata gurguwar fahimta a tsakanin wasu matasan shugabanni cewa wahala ita ce horo, don haka yaron da ya ce yana jin sanyi rago ne, a sa shi tsallen kwaɗo ko a tura shi wanka a rafi da asuba don ya zama namiji. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne da ran ɗan wani. Jarumtar da muke so yaro ya koyo ita ce ya iya kafa tanti ta yadda ƙofarsa ba ta fuskanci iskar arewa maso gabas ba, ya san cewa abin da ke ƙarƙashinsa ya fi abin da ke samansa muhimmanci, don ƙasa ita ke zuƙe ɗumin jiki, ya tara busasshiyar ciyawa ko kwali ya shimfiɗa leda kafin tabarma. Ya san a sauya rigar da aka wuni da ita kafin a kwanta, a rufe kai da ƙafa, a ci abinci mai nauyi da dare, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Ya san a ɗora ruwan alwalar asuba a wuta saboda ƙanana, ya kuma lura da abokin kwanansa idan ya yi shiru da yawa. Yaron da ya dawo da wannan ilimi ya fi wanda ya dawo da tari da labarin yadda aka gana masa azaba.

Don haka muna kira ga iyaye, kafin ku sa hannu a takarda, ku taka da ƙafarku ku ga shugaban. Ku tambaye shi, a wane gari za a sauka, kuma shi da kansa ya taɓa kwana a wurin a irin wannan lokaci? Rukunin nasa yana da rajista da ƙungiyar sikawut ta ƙasa, ko kuwa wasu ne kawai suka ɗinka kaki suka ɗaura ƙyalle a wuya? Manya nawa ne za su raka yara nawa, kuma idan akwai 'yan mata, wace babbar mace ce za ta kwana tare da su? Wa ya iya taimakon gaggawa? Ina ne asibiti mafi kusa, kuma da wace mota za a kai yaro cikin dare? Waya tana kamawa a wurin? An sanar da sarkin garin da jami'an tsaro? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, ganin cewa tun watan Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes saboda hare-haren 'yan bindiga, don haka can ƙuryar arewa ba wurin kai yara kwanan daji ba ne. Shugaban kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda kuwa ya ɓata rai ya ce ana yi masa katsalandan, to ya riga ya ba ku amsa, ku riƙe ɗanku.

Bugu da ƙari, kada a ce talauci ne zai hana shiri. Kayan da ake bukata ba na kanti ba ne. Rigar sanyi da hula da safa biyu da bargo, duk ana samunsu a gwanjon kasuwar Hedzranawoe da kuɗin da bai kai na ɗinkin Sallah ba. Riguna biyu ko uku marasa kauri da aka jera sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A haɗa da man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe, da tocila, da butar ruwa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino a aljihu. Ga masu hali na Zango, 'yan kasuwar shanu da masu motocin dakon kaya da alhazanmu, ga wata hanyar alheri mai sauƙi. Maimakon a jira sai abu ya faru a zo ana jaje, a sayi barguna 30 ko 40 a ajiye a hannun kwamitin iyaye, duk shekara a ba yara aro su dawo da su. Wanda ke da mota ya ba da ita ta kwana a sansani. Malamanmu da limamai kuma su sa baki, domin amanar yaro ba ta sauka daga wuyan uba don kawai ya sa hannu a takarda.

Su ma hukumomin ƙungiyar da na ma'aikatar da ke kula da matasa, muna roƙonsu da su sa ido a kan duk wani rukuni da ke fita da yara, su tabbatar shugabanni sun samu horo, su kuma fitar da bayanin kayan da ake bukata cikin harsunan da iyaye ke ji. Takardar Faransanci da uwa ba za ta iya karantawa ba, ba izini aka nema da ita ba, sa hannu kawai aka karɓa. Mu a namu ɓangaren ƙofar rediyo a buɗe take ga duk shugaban da ke son ya zo ya yi wa iyaye bayani da Hausa ko Kotokoli ko Ewe kafin ranar tafiya.

A ƙarshe, mu tuna cewa yaron da aka kulle a gida saboda tsoron sanyi ba a ɗaki zai yi hutunsa ba. Yana bakin titi, ko a bayan babur, ko ya duƙufa a kan waya har asuba, kuma waɗannan ma suna da nasu hatsarin da ba a neman izinin kowa kafin a shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwana huɗu a daji a hannun shugaba mai hankali na iya koya wa yaro dogaro da kai da kula da ɗan'uwa fiye da wa'azin shekara guda. Abin da ya rage mana shi ne mu yi abin da kakanninmu suka yi kafin ayari ya tashi, mu san madugu, mu duba guzuri, sannan mu yi addu'a mu sallame su.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya, amin.